Fargabar Dandamali da Aikin Malamin Kiɗa: Sharhi a Kan Littafin Barry Green

Manufar wannan takarda ita ce mu ɗora littafin nan mai suna The Inner Game of Music a kan sikeli, mu ga abin da malamin kiɗa zai ɗauka a cikinsa da abin da ya kamata ya bari. Barry Green, wanda ya daɗe yana shugabantar masu kaɗa babban goge mai kaurin amo a ƙungiyar makaɗa ta birnin Sinsinati a Amurka, shi ya wallafa shi a 1986 tare da Timothy Gallwey. Shi kuwa Gallwey malamin wasan tanis ne, kuma a kan littafinsa na 1974 game da wannan wasa aka gina na kiɗan. Matsalar da suka tunkara sananniya ce ga duk wanda ya taɓa koyarwa: ɗalibi ya iya darasinsa sarai a ɗaki, amma da ya hau dandamali sai hannu ya ɗauki rawa, baki ya bushe, abin da ya haddace ya bi iska.

Kada a ɗauka ciwon 'yan koyo ne kawai. A wani bincike da aka buga a 1988 a kan makaɗa 2,212 na manyan ƙungiyoyin Amurka, kashi 16 cikin ɗari sun ce fargabar dandamali ta zame musu babbar matsala, kashi 27 kuma sun ce sun sha maganin rage bugun zuciya, galibinsu ba da izinin likita ba. Gwanin fiyano Vladimir Horowitz ma ya ƙaurace wa dandamali tun daga 1953, bai koma ba sai 1965.

Ginshiƙin littafin shi ne cewa kowane makaɗi mutum biyu ne a jiki ɗaya. Na ɗaya shi ne mai surutu a zuci, mai ba da umarni da kushe, mai tuna wa mutum cewa ga wurin da ya saba yin kuskure nan tafe. Na biyu shi ne jikin da ya riga ya koyi aikin. A ganin marubutan, abin da makaɗi ke nunawa a dandamali shi ne iyawarsa bayan an debe katsalandan ɗin na ɗaya. Maganin da suka bayar shi ne lura, da niyya, da yarda da kai. Wato ɗalibi ya mai da hankalinsa ga abin da yake ji da gani, ya daina yanke wa kansa hukunci.

A nan dole mu yaba. Malamai da yawa, in sun ga ɗalibi yana kyarma, abin da suke cewa shi ne ya natsu, ko ya ƙara ƙoƙari. Green ya gane cewa irin wannan umarni ƙara wa mai surutun nan ƙarfi yake yi. Maimakon a ce wa yaro sautinsa ya kauce, sai a tambaye shi ko sama ya yi ko ƙasa, ya saurara da kunnensa, sau da yawa kuma hannun kan gyara kansa. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya mara wa wannan baya. A 1984 Roy Baumeister ya nuna cewa matsin lamba kan juyo da hankalin mutum ga motsin jikinsa, wannan sa ido kuwa shi ke wargaza aikin da ya riga ya zama jiki.

To, amma wane ɗalibi ake nufi? Nan ne muke ganin littafin ya yi tuntuɓe. Sian Beilock da abokan aikinta sun gwada 'yan ƙwallon ƙafa a 2002, suka tarar cewa ƙwararru ne aikinsu ke lalacewa in sun sa ido a kan ƙafarsu, amma sabbin shiga aikinsu kyau yake ƙarawa. Ke nan shawarar a bar jiki ya yi abin da ya sani tana amfani ne in jikin ya san wani abu. Green ya rubuta littafinsa da idon ƙwararre wanda ya shekara da shekaru yana aiki ɗaya. Malamin da ya ɗauki maganarsa ɗungurungum ya gaya wa ɗan shekara ɗaya da fara koyo cewa ya yarda da hannunsa, ya tura shi kogi ne ba tare da ya koya masa iyo ba. Wata fargabar ma gaskiya take faɗi: ɗalibin bai shirya ba, ya kuma san bai shirya ba.

Abu na biyu, littafin ya fi karkata ga ɗaukar tashin zuciya a matsayin abin da za a kawar. Alhali tun 1908 Yerkes da Dodson suka lura, a gwajinsu da ɓeraye, cewa matsakaicin zaburi na taimakon koyo, sai in ya yi yawa yake cutarwa, musamman a aiki mai wuya. Ko da yake daga ɓera zuwa mai goge akwai tafiya, kowa ya san makaɗin da ya hau dandamali jiki a sanyaye ba ya motsa kowa.

Mafi nauyi a wurinmu shi ne cewa an ba cututtuka dabam-dabam magani ɗaya. Dianna Kenny, a littafinta na 2011, ta bambanta iri uku: fargabar da ta tsaya ga dandamali kawai, da wadda ke tafe da tsoron jama'a a ko'ina, da wadda ke haɗe da firgici da ciwon damuwa mai tsanani. Dabarun Green na iya isar ta farko. Ta uku kuwa ba aikin malamin kiɗa ba ce, aikin likita ce, kuma malamin da ya yi ta nanata wa irin wannan ɗalibi cewa ya yi shiru da zuciyarsa, ƙara masa laifi yake yi a kan ciwo.

Akwai kuma abin da littafin bai tambaya ba sam, domin a duniyarsa ba a ganinsa abin tambaya: me ya sa ɗalibi zai shafe watanni shi kaɗai a ɗaki, sa'an nan rana ɗaya a tsai da shi gaban jama'a masu shiru suna jiran kuskure? A nan kwatanci da makaɗan Hausa yana da amfani. Yaron makaɗi yakan fara ne da ɗaukar kaya, ya shiga amshi, ya riƙe ƙaramar ganga a bayan ubangidansa, duk a gaban taro, inda kuskurensa ke nutsewa cikin muryoyin 'yan'uwa. Kafin ya kai ga jan waƙa, idon jama'a ya daɗe da zame masa abin sabo. Ba muna cewa ba ya jin tsoro ba ne. Muna cewa an raba masa tsoron kashi-kashi. Masu ilimin halayya ma da haka suke warkar da tsoro, wato ta hanyar kusantar abin tsoron sannu a hankali.

Saboda haka malamin da ke riƙe da littafin Green yana bukatar ƙara masa abin da babu a ciki. Ɗalibi ya fara kaɗawa gaban abokin karatu ɗaya, sai ajin duka, sai baƙi kaɗan, kuma ya fara cikin rukuni kafin a ware shi. A sa shi ya hau bene da gudu ya sauko ya kama kiɗa nan take, don ya san yadda hannunsa ke aiki sa'ad da zuciya ke bugawa. A kuma koya masa wurare uku ko huɗu a cikin kiɗan da zai iya kamawa daga gare su in hadda ta yanke, a riƙa tsai da shi ba zato a ce ya ci gaba daga na gaba.