Kifi Na Ganin Ka Mai Jar Koma: Tsokaci a Kan Kalmomin Su da Banda a Ƙagaggun Labaranmu

Da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa cewa "kifi na ganin ka mai jar koma" ba. Amma da za a tsayar da ɗalibai a tambaye su mece ce koma, da yawa za su yi shiru. Koma dai ragar hannu ce ta kamun kifi. Karin maganar ya rayu, abin da ya haife shi kuwa yana neman ɓacewa daga bakunanmu, kuma muna ganin marubuta suna da nasu kason na laifi.

Abin da muka lura da shi a gajerun labaran da ake aiko wa wannan mujalla shi ne, duk sa'ad da marubuci ya kai tauraronsa bakin ruwa sai harshensa ya talauce. Masunci ya jefa "raga", ya kamo "kifi", matarsa ta "gasa", shi ke nan. Alhali raga ba ɗaya ba ce. Birgi wurga shi ake yi ya buɗe a kan ruwa, taru kuwa sai jama'a sun haɗu sun ja, mamari ma ba raga ba ne, doguwar igiya ce mai jerin ƙugiyoyi. Wanda ya musanya ɗaya da wani ya canza labarinsa bai sani ba, domin mai birgi shi kaɗai yake fita, mai taru kuwa yana da yaran da zai raba wa kamu, kuma a wurin rabo rigima take.

Lamarin ya fi muni idan aka zo kan banda. Gashi daban, ƙyafewa daban. Kifin da ake so ya yi doguwar tafiya feɗe shi ake yi, a yanka babba gunduwa-gunduwa, ƙaramar tarwaɗa kuwa a naɗe ta a soke da tsinke, sannan a jera a kan wuta mai hayaƙi ana juyawa har ruwan jikinsa ya tsane. In aka yi gaggawa ya ruɓe a hanya, in aka yi sake ya ƙone ko ƙwari su cinye shi. A Doron Baga, a bakin Tafkin Chadi, wannan sana'a ta ciyar da masu feɗa, da masu itace, da masu ɗaurin kwali, da 'yan dako, da fatoma mai saukar da baƙin fatake ya tsaya musu a ciniki, kafin motoci su ɗauki kaya zuwa Anacha da Legas. Kowannensu tauraron labari ne da ba mu rubuta ba. Harin da Boko Haram ta kai Baga a Janairun 2015 ya tarwatsa mutanen nan, kuma kalmar sana'a ba ta daɗewa bayan an raba ta da masu yin ta.

Ɗalibin da ya fito daga Zungur yana iya cewa ina ruwansa, Bauchi ai ba garin Sarkawa ba ne. Sai mu ce ya leƙa wurin masu busasshen kifi a kasuwar Muda Lawal, ya zauna ya kasa kunne. Ba ya bukatar kuɗin mota zuwa Argungu ko Yawuri kafin ya bambance ragon ruwa da giwar ruwa.

Sai dai ba marubuta kaɗai za a tuhuma ba. Masu tace rubutu, da sunan Daidaitacciyar Hausa, sukan soke kalmar karin harshe su maye ta da ta Kananci. Mutumin Kabi homa yake cewa, ba foma ba, kuma abin da wasu ke kira karfasa shi gargaza ya sani. In aka sa wa masuncin Matan Fada Hausar Kano a baki, an gyara rubutu amma an yi wa mai karatu ƙarya. Ƙa'idar rubutu ta mai ba da labari ce; zancen tauraro kuwa nasa ne. Abin mamaki ma, ƙamusun Bargery na 1934, shekarar da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ta aza harsashin bikin kamun kifi na Argungu kamar yadda aka san shi, ya tattara kalmomin karin harshe har yana nuna yankin da ake faɗar su. Baƙo ya yi wannan hidima, mu masu harshen muna gogewa da jan biro.

Ba muna nufin a mayar da labari ƙamus ba. Marubucin da ya jero sunayen kifi goma a sakin layi ɗaya domin a ce ya yi bincike, shi ma ya gundure mu. Kalma ɗaya ta isa, in ta faɗo inda ya dace: tsohuwa ta karya gunduwar banda, ta shinshina, ta ce wa ɗiyarta wannan bai sha hayaƙi ba, a mayar da shi kan wuta.