Dillalan Manyan Kujeru

Ba kasafai ake cike kujerar shugaban banki ko ta babban jami'in kuɗi na wani katafaren kamfani da tallan jarida ba. Ko an buga tallan, sau da yawa cika ƙa'ida ne kawai. Mutumin da ake so yana can zaune a ofishinsa, albashinsa na shiga, ana ganin girmansa, rabonsa da rubuta takardar neman aiki shekara da shekaru. To akwai wanda sana'arsa ke nan: ya gano wannan mutum, ya tabbatar shi ne ya dace, sannan ya taso shi daga inda yake jin daɗi. Cikin dillalai ban san wanda aikinsa ya kai na dillalin ma'aikata wuyar sha'ani ba, don abin da yake dillanci yana da baki, yana da iyali, yana iya amsawa yau gobe ya ce ya fasa.

Sana'ar ta bunƙasa ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanoni suka yi ta faɗaɗa, ƙwararrun manajoji suka yi ƙaranci. An kafa Heidrick & Struggles a Chicago a 1953, Spencer Stuart ya biyo baya a 1956, Korn Ferry kuma a Los Angeles a 1969. A Turai, Egon Zehnder ya buɗe nasa a Zurich a 1964. Har yau waɗannan suna cikin jiga-jigan harkar.

Dillalan iri biyu ne. Akwai wanda ba ya ganin kwabo sai an ɗauki mutumin da ya kawo, la'adarsa kuma wani kaso ne na albashin shekarar farko, galibi tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari. Shi rayuwarsa tsere ce, don kamfani ɗaya kan ba dillalai uku ko huɗu aiki guda, wanda ya riga kawo na kirki shi ya ci. Wuninsa kan waya yake ƙarewa, yana iya yin wata biyu kan aiki, ranar ƙarshe a ce an janye gurbin. Na biyun shi ake ɗauka takanas don babbar kujera, a ba shi aikin shi kaɗai, a biya shi kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da mai kujerar zai samu a shekarar farko, yawanci a biya uku, tun kafin a ga fuskar kowa. Egon Zehnder ya ƙi wannan lissafi na kaso, ya zaɓi a yanke kuɗin aiki tun farko, don kada dillali ya riƙa karkata ga wanda ya fi tsada. A ganina ya hango wani abu na gaskiya game da zuciyar ɗan Adam.

Mutane na zaton gwanintar tana wajen sanin jama'a da yawa. A da haka ne, littafin lambobin waya shi ne jari. Amma tun da LinkedIn ya fito a 2003, kowane yaro mai kwamfuta zai iya jero maka sunayen daraktoci ɗari kafin azahar. Inda gwani ke fita daban shi ne zaman farko da masu kamfanin. Za su miƙo masa takarda mai sharuɗɗa goma sha biyar: digiri kaza, shekaru kaza, ya iya wannan, ya iya wancan. Shi kuwa sai ya ajiye ta gefe ya shiga tambaya. Me ya kori wanda ya bar kujerar? Wa ke ganin shi ya cancanta a cikin gida aka tsallake shi? Shugaban hukumar gudanarwa yana son mai faɗa masa gaskiya ne, ko mai cewa to? Sau da yawa daraktocin da kansu ba su daidaita kan abin da suke so ba, sai a gabansa saɓanin ke fitowa. Idan bai tono wannan ba, zai kawo gwani ya jefa shi cikin rigimar da ba ta shafe shi ba.

Labarin IBM ya nuna abin da nake nufi. A 1992 kamfanin ya tafka asarar kusan dala biliyan 5, a farkon 1993 aka shiga neman wanda zai gaji shugabansa John Akers. Aka ba mashahuran dillalai biyu aikin tare, abin da ba a saba ba: Gerry Roche na Heidrick & Struggles da Tom Neff na Spencer Stuart. Kowa ya zuba ido ya ga gwanin kwamfuta. Wanda aka tsaya a kansa shi ne Louis Gerstner, shugaban RJR Nabisco, kamfanin biskit da taba sigari, wanda da farko ma ya ce ba ya so. Amma ya yi shekaru a American Express yana sayen kayan IBM, ya san takaicin mai saye, ya kuma san yadda ake juya babban kamfani. Ya kama aiki a Afrilun 1993, ya soke shirin da ake yi na yayyanka kamfanin gida-gida, ya dawo da shi kan riba. Sai dai kada a ɗauka idon dillali ba ya kuskure. Roche ɗin nan shi ya nemo wa Apple John Sculley daga Pepsi a 1983, cikin shekara biyu Sculley da Steve Jobs suka ɓata, Jobs ya bar kamfanin da ya kafa. Har gobe ana gardamar ko zaɓin ya yi.

Kiran farko ma fasaha ne. Gwani ba ya kiran babban mutum ya ce ga aiki. Shawara yake nema: «Ranka ya daɗe, akwai wata kujera mai kama da kaza, wa kake ganin zai iya?» Idan mutumin ya lissafo sunaye, an samu ƙarin hanya. Idan kuma ya ɗan yi shiru ya tambayi a wane gari aikin yake, to magana ta fara. Daga nan sai haƙuri da sauraro, har a gane abin da zai motsa shi. Ba kullum kuɗi ba ne. Wani ya gaji da zama na biyu a bayan shugaban da ba shi da niyyar tafiya, wani iyayensa sun tsufa yana son komowa kusa da gida, wata kuwa ta ga alamar a inda take mace ba za ta wuce matakin da ta kai ba. Duk wannan sirri ne da aka ba dillali amana. Kalma ɗaya ta fita, mutum na iya rasa kujerar da yake kai bai samu sabuwar ba.

Sai bincike, wanda ya yi kama da na neman aure: ba wanda zai fito fili ya kushe maka mutum, sai dai ka karanci yadda aka yabe shi. Sunayen da mai neman kujera ya bayar, ai masoyansa ne. Dillali kan nemi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, don su suka san halinsa ranar da abu ya ɓaci. Tambayar da ta fi fito da gaskiya gajeriya ce: da za ka samu dama, za ka sake aiki da shi? «Ƙwarai kuwa» daban, «to, ba shi da laifi» daban.

Ya kamata matasanmu su riƙe abu ɗaya a nan. Dillalin gaskiya kamfani ke biyansa, ba mai neman aiki ba. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta kafa wannan ƙa'ida, a Nijeriya kuma sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ake wannan sana'a. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ta waya kafin ya haɗa ka da wani kamfanin mai, wata sana'ar yake yi.

Wurin da aiki ya fi rushewa shi ne bakin gaɓa. An yi wata huɗu, an daidaita albashi, mutum ya kai takardar ajiye aiki, sai tsohon kamfaninsa ya farka, ya ƙara masa kuɗi da muƙami. Gwani ya san haka za a yi, don haka tun makonni kafin ranar yake tambayarsa: idan suka ninka maka, za ka zauna? Gara ya ji amsar da wuri. Bayan haka ga kiran waɗanda ba a zaɓa ba, manyan mutane uku ko huɗu da shi ya taso su da kansa, yanzu kuma shi zai gaya musu ba su ba ne, ta yadda gobe za su sake ɗaga wayarsa. Kamfanin da ya yi wa aikin kuma ya haramta gare shi na shekara ɗaya ko biyu, ba zai je ya zare masa ma'aikaci ba. Ko bayan sabon shugaba ya zauna, dillali na ci gaba da leƙo shi yana jin yadda suke ƙarewa da hukumar gudanarwa, don yawancin yarjejeniyoyin suna da wa'adi, wata shida ko shekara. Idan mutumin ya tashi kafin wa'adin ya cika, dillali zai koma neman wani daga farko, ba tare da an ƙara masa la'ada ba.