3.2 Matsalar Madogara Wajen Kwatanta Hanibal da Yuliyas Kaisar

Masu kwatanta waɗannan kwamandoji biyu sukan dogara ga ƙidayar yaƙe-yaƙen da kowannensu ya ci. A ganin wannan nazari, ma'aunin yana da rauni, domin bai kula da wanda ya rubuta labarin ba. Kaisar da kansa ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa a ƙasar Gal, daga 58 zuwa 52 kafin Miladiyya, har ma ya sassauta bayanin kayen da ya sha a Gargobiya. Shi kuwa Hanibal, labarinsa ya iso mana ne daga ɓangaren abokan gabarsa. Libi Barume ne, Folibiyas kuma aminin zuriyar Sifiyo ne, wato kwamandan da ya karya Hanibal a Zama a 202. Duk da haka, ba su iya ɓoye mummunar ɓarnar da ya yi wa rundunar Rumawa a Kanne a 216 ba.