4.3 Sharhi a Kan Kuɗin Horar da Magina: Misalin Ƙofar Kware

Ƙofar Kware tana ɗaya daga cikin ƙofofi takwas da aka fi sanin birnin Sakkwato da su, watau ita da Ƙofar Rini da Marke da Taramniya da Kade da Dundaye da Atiku da Aliyu Joɗi. Ta samo sunanta ne daga garin Kware da ke arewa da birnin. Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, kuma Baturen nan Kilafatin da ya zo a 1824 ya tarar da ganuwa mai tsawon ƙafa 20 zuwa 30. A yau kuwa, idan aka ce Ƙofar Kware, unguwa ake nufi, domin ganuwar ta zube, gidaje da tituna sun hau gurbinta.

Galibi akan ɗora laifin wannan hasara a kan damina da faɗaɗar gari. Wannan hujja ba ta gamsar ba. Ginin ƙasa dama can ba ya rayuwa sai da yaɓe a kai a kai, kuma ruwan sama bai fara sauka a ƙarni na 20 ba. Abin da ya sauya shi ne magina da tsarin da yake ciyar da su. A da, yaro yakan tashi gaban mahaifinsa ko ubangidansa, ya fara da kwaɓa ƙasa da murza tubali, sannan jera azara, kafin a yarda ya ɗaure bakan gizo. Aikin fada da na masallatai da na attajirai shi yake riƙe da wannan makaranta. Da siminti da bulo da kwano suka karɓe kasuwa, sai 'ya'yan magina suka koma birkiloli, kuma babu mai ganin laifinsu.

A nan ne ya kamata kuɗin hukuma su shigo, amma idan aka duba yadda aka tsara hukumomin, za a ga magini ya faɗa tsakani. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, gini da kayan tarihi aka ɗora mata. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu na 1971 yana samun kuɗinsa ne daga kashi 1 cikin 100 na albashin da kamfanoni suke biya, alhali maginin gargajiya ba shi da kamfani balle takardar albashi. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 1987, tana da shirin koyon sana'a a hannun masu sana'a, tsarin da ya yi kama da na Bahaushe ƙwarai, sai dai an fi saninta da ɗinki da walda da kanikanci. Ke nan mai kula da gini ba ya horar da yaran unguwa, masu horarwa kuma ba ruwansu da gini.

Sakamakon haka, duk lokacin da aka tashi "gyaran" ƙofa, ɗan kwangila ake kira. An ga wannan a Kano, inda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, aka tayar da wata ta kankare. Ana iya kare wannan da cewa kankare ya fi ƙarko, kuma gaskiya ne. Amma kuɗin sukan ƙare ranar da aka kwance katako, ba su bar ko yaro ɗaya da sana'a ba.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga akasin haka. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa ta Nijar, maƙwabciyar Sakkwato, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962 tare da mutanen gari, har ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Mali ma, da gidauniyar Aga Khan ta gyara babban masallacin Mopti tsakanin 2004 da 2006, ta haɗa aikin da horar da magina da matasan garin.

Wani abin da masu tsara horo sukan manta shi ne, magini ba ya aiki shi kaɗai. Laso, wanda yake hana ruwa ratsa soro, ana haɗa shi ne da katsi daga marina da gashin da majema suka kankare da kuma dafara. Makuba daga ɗorawa take, azara daga giginya. Sakkwato gari ne na jima, saboda haka rabin kayan yana nan a gida. Horon wata 3 a cikin aji ba zai koyar da wannan ba. Sai an biya tsohon magini ladan koyarwa, an ba yaro ɗan alawus na abinci, an kuma ajiye musu gini na gaske, ko da zauren mai unguwa ne, wanda za su riƙa yaɓewa kafin kowace damina ta faɗi.