Zaki a Bayan Gingimari, Shamuwa a Kan Kuka

Daga Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, gona ce ke bin gona: gero, dawa, gyaɗa da wake, sai gawo da kuka da ɗorawa da aka bari tsaye da gangan. Babu dajin da zaki zai fake a nan, kura ma sai a hannun gardawa. Amma je ka Dawanau inda ake lodin hatsi, ka duba bayan gingimari. Ga zaki ya wage baki, ga mikiya ta buɗe fukafukai, wani lokaci damisa ta danne barewa.

Mai fentin mota shi ne mai zanen namun dajin wannan ƙasa, ko da ba a kiransa haka. Da fentin mai da buroshi yake aiki, a gareji, direba na tsaye a kansa. Sau da yawa bai taɓa ganin zaki ba sai a gidan zu na Audu Bako ko a jikin kalanda. Shi ya sa zakinsa ke fitowa da fuskar mutum, ido biyu a gaba, gashin wuya a naɗe kamar rawani. Ban ɗauki wannan a matsayin kasawa ba. Abin da direba ya biya a yi masa kirari ne da launi, domin na baya ya san manyan dawa ne a gabansa.

Sassaƙa da ginin siffa kuwa a hannun yara suka tsaya. Yaro zai ɗebo yumɓu a bakin kududdufi, ya murza sa da tozonsa, ya kafa masa ƙaho da tsinke, ya shanya a rana. Da ya girma sai ya bari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: malaman Malikiyya sun fi tsananta wa siffar mai rai cikakkiya wadda ke da inuwa, sun sassauta ga zanen da ke kwance a bango ko allo, da kayan wasan yara. Sana'ar ta bi inda aka bar mata hanya.

Al'adar zana dabbobi kuma ta daɗe. A duwatsun Birnin Kudu, wadda ta kasance cikin Jihar Kano har 1991, akwai tsoffin zanen shanu. A Dabous, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙumin dawa a dutse, tsawonsa ya haura mita 5, da kowane tabo na jikinsa. Wanda ya yi shi ya kalli dabbar da idonsa, kuma ya daɗe yana kallo.

Wannan kallon ne ya ɗaukaka Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke jikin naira 20. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja. Ba ta nemi zaki ko giwa ba. Ƙadangare, kunama, hawainiya, kada da kifi ta karce a jikin tuluna, ta cike jikinsu da ƙananan layuka har ka ji kaushin fatar. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

A nan ne nake ganin gibin mai fentinmu. Shamuwa na sauka kan kuka gab da damina, manomi ya fara gyaran gona. Balbela na bin shanu, damo na kan katanga, bushiya na cikin kara. Da wuya ka ga ɗayansu a bayan mota ko bangon shago, domin ba su da kwarjinin da direba zai biya. Ungulun da a da ke cika mahautar kowace kasuwa ta yi wuyar gani yanzu, kuma yara da yawa a Kunci da Makoɗa sun fi sanin kamannin zaki a kan nata.