4.2 Tsokaci a Kan Aikin Carole Fink Game da Haƙƙin 'Yan Tsiraru a Turai

Carole Fink masaniyar tarihi ce Ba'amurkiya, wadda ta koyar a Jami'ar Jihar Ohayo. Ta yi fice a fagen tarihin diflomasiyyar Turai da littafinta na 1984 a kan taron Jenowa na 1922, sannan a 1989 ta rubuta tarihin rayuwar Marc Bloch. A wannan sashe za a dubi littafinta na 2004, wato Defending the Rights of Others, wanda ya bi diddigin kare haƙƙin Yahudawa daga 1878 zuwa 1938.

Babban jigon littafin shi ne manyan ƙasashe sun yi ta ɗaukar alkawarin da ba su da niyyar tsayawa a kansa. A taron Balin na 1878 an gindaya wa Romaniya sharaɗin daidaita 'yan ƙasa ba tare da la'akari da addini ba, amma sai ta ɗauki Yahudawanta a matsayin baƙi, aka kuma zuba mata ido. Haka nan a 1919 aka sa Folan ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar kare 'yan tsiraru, alhali Ingila da Faransa da Amurka ba su ɗaure kansu da irin wannan sharaɗi ba. Wannan son kai ya ba Folan hujjar bijire wa tsarin a 1934.

Abin yabo shi ne marubuciyar ba ta rufa wa kowa asiri ba. Ta nuna yadda kan jagororin Yahudawa ya rabu: wasu, irin su Lucien Wolf, daidaito kurum suke nema, wasu kuwa suna so a amince da su a matsayin al'umma mai zaman kanta. Ga shi kuma ba su da ƙasar da za ta tsaya musu, saɓanin Jamusawan da ke Folan.

Sai dai a ganin wannan nazari, aikin yana da rauni biyu. Na farko, taron Faris na 1919 ya cinye kaso mafi tsoka, shekarun da tsarin ya rushe kuwa aka taƙaita su. Na biyu, dogaro da takardun jakadu ya sa ba a cika jin muryar talakan da abin ya shafa ba. Duk da haka, littafin ya tabbatar da cewa haƙƙin da ba shi da mai tilasta shi, suna kawai ya tara.