Wa Ya Tambayi Matar Gida?

'Yan'uwana mata, wai shin a cikinmu wace ce aka taɓa zaunar da ita aka tambaye ta yadda take so a gina gidan da za a kai ta? Maigida ne da magini za su tsaya a fili su ja layi da ƙafa, nan ɗaki, nan bayi, a jera bulo a buga kwano, shi ke nan. Gari na wayewa shi ya fice kasuwa ko bakin iyaka, ke ce za ki yini a ciki. Mu nan Kongolam mun san yadda ɗakin kwano yake da azahar a watan bazara, yaro na kuka, kuraje sun feso masa, ke kuma kina fifita har hannu ya gaji.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne labarin wani kamfanin zanen gine-gine da tsara gari a maƙwabciyarmu Nijar, wanda mace ce ta kafa shi. Sunanta Mariam Issoufou, wadda a da aka fi sani da Mariam Kamara. Ilimin kwamfuta ta fara yi a Amurka, har ta yi shekaru tana aiki da shi, sannan ta ajiye ta koma makaranta ta koyi zanen gini. A shekarar 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai da sunan Atelier Masomi. Ku lura da sunan, Hausa ce tsantsa, masomi, wato mafari.

A 2016 ita da abokan aikinta suka kammala wasu gidaje a Yamai da ake kira Niamey 2000. Da ƙasa aka gina su, amma ƙasar da aka matse da inji ta zama bulo mai ƙwari, ga tsakar gida, ga inuwa, ga hanyar da iska za ta ratsa. A 2018 kuma sai aikin Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa. Mutanen garin suna son sabon masallaci, tsohon na ƙasa ya tsufa. Maimakon a rushe shi, sai ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa, aka kuma kira maginan gargajiya suka sa hannu. A garin dai ta zana kasuwa mai rumfunan ƙarfe masu launi-launi a kewaye da wata tsohuwar bishiya da aka saba cin kasuwa a gindinta.

To a nan dole in yaba mata, domin kuwa ta tuna mana abin da muka yar. Ai ba yau Bahaushe ya fara gini ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun wajen shekarun 1830, Falke Barmu na Yama a Nijar kuwa har kyautar Aga Khan aka ba masallacinsa na ƙasa a 1986. Wadda ta taɓa shiga soron kakarta mai kaurin bango da rufin azara ta san sanyinsa, kamar an saka ta cikin randa. Katangar ƙasa a hankali take shan zafi, kafin ya ratsa ciki rana ta faɗi. Kwano kuwa yadda ya karɓa haka yake juye miki.

Amma fa ina da ƙorafi. Kamfanin ya girma, ya koma amsa sunan mai shi, ya buɗe ofis a New York, ita kuma ta zama farfesa a Zurik ta ƙasar Suwizalan. Manyan ayyuka suka riƙa zuwa, irin su cibiyar tsohuwar shugabar Laberiya, Ellen Johnson Sirleaf. Madalla, ɗaukaka ce. Sai dai da girman ya zo, sai na ga an fi jin labarin gidajen tarihi da cibiyoyi fiye da gidan talaka. Su kansu gidajen Yamai ai na masu ɗan hali ne. Matar da damina ke hana ta barci don tsoron kada katanga ta zubo wa 'ya'yanta, ita ce ta fi kowa bukatar wannan bulo mai ƙwari, ita ce kuma har yanzu bai iso ƙofarta ba. Gwanin da ba a gani a unguwa, ai sai dai a ji shi a rediyo.

Mu ma mata da namu laifin. Sau nawa budurwa ta juya wa saurayi baya don an ce gidan ƙasa zai ajiye ta? Sau nawa a littattafanmu muke kai jaruma gidan bene mai gilasai, mu bar ɗakin ƙasa ga muguwar kishiya ko tsohuwar ƙauye? Mu muka koya wa maza cewa siminti shi ne arziki, su kuma suka gina mana tanda.

Shawarata ita ce, idan maigida ya tashi gini ki sa baki cikin ladabi. Ki nemi taga ta fuskanci taga, a ɗaga rufi a sa sili, a nisanta madafa da ɗakin kwana, a bar miki gurbin darbejiya a tsakar gida. In da ƙasa za a yi, kada ki ɓata rai, a dai kyautata tushe da indararo, a riƙa yaɓe kafin damina. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, mai ɗakin nan kuwa ke ce.

Allah Ya ba mu gida mai sanyi da zaman lafiya a cikinsa.